Littattafan Yaranmu da Ke Kulle Cikin Tsofaffin Kwamfutoci

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi ta muhawara a gidajen rediyo da majalisun hira, kowa da inda ya karkata. Malamin makaranta kuwa tambayarsa ta fi kusa da allo: idan aka ce gobe a shiga aji a karantar da yara da harshen gida, da wane littafi za a shiga?

Littattafan akwai su. Fiye da shekara hamsin ke nan ana rubuta wa yaran Nijar da manyanta littattafan koyon karatu, da na lissafi, da tatsuniyoyi, da ƙamus, cikin harsunan ƙasa. Wasu suna kan takarda, gara da ƙura suna cin rabonsu. Wasu kuma suna cikin fayilolin kwamfuta da aka rubuta da manhajojin da kamfanonin da suka ƙera su suka daina kula da su tuntuni. A kan waɗannan na biyun nake son mu tsaya, domin tarihinsu yana da darasi ga duk mai riƙe da makaranta ko mai ɗa a makaranta.

Maganar ta shafi Dakoro kai tsaye. Gundumar tana arewa da Maradi da tazarar fiye da kilomita ɗari, inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo a kwarin Tarka. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Tamajak, haka ma a makarantun Kornaka zuwa na wajen Bermo, wadda aka cire daga Dakoro ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Dukkan harsunan nan uku suna da haruffan da babu su a Faransanci. Hausa na da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Fulatanci na da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Tamajak na da irin su ə da ɣ, da haruffa masu ɗigo a ƙasa. Duk wahalar da waɗannan haruffa suka sha a hannun na'ura, yaran wannan yanki ne ƙarshen masu biyan kuɗinta.

Haruffan da suka girmi kwamfuta

Matsalar ta daɗe. Tun da Turawa suka fara rubuta Hausa da haruffansu suka ci karo da sautukan da harsunansu ba su da su. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, kuma daga wannan lokaci aka yi ta dabaru: wani ya ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi, wani ya maƙala masa alama a gefe. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa. Littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, su suka kai su ko'ina.

A ɓangaren Nijar makarantar Faransa ba ta ba Hausa wuri a aji ba. Sai bayan samun mulkin kai a 1960 hukumar yaƙi da jahilci ta soma koya wa manya karatu da harsunan gida. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. Nijar ta ɗauki tsarin ninka wasali mai tsawo, shi ya sa sunan jaridar yaƙi da jahilci ta wancan zamani ake rubuta shi Gangaa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A 1974 aka kafa INDRAP, cibiyar da ke shirya kayan koyarwa. A 1980 masana daga Nijar da Nijeriya suka zauna a Yamai suka kusanto da rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kuma a watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da ake bi yau. Abin da ya rage na bambanci kaɗan ne, misali mu muna rubuta ƴaƴa, maƙwabtanmu na kudu suna rubuta 'ya'ya.

A duk tsawon waɗannan shekaru da tafireta ake aiki, sannan a gurza takardun da injin gurzawa. Inda babu tafireta mai haruffan Hausa, sakatare kan buga k ko d, in ya gama ya bi da biro yana ɗora musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, amma yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai daga baya: takardar da aka gurza a 1975, in ta tsira daga gara, ido kawai take buƙata. Yaron yau zai yi tuntuɓe da ninkakken wasali, amma zai karanta.

Dabarar da ta ceci aiki, ta kuma ɗaure shi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Idan ka danna A, abin da take ajiyewa shi ne 65. Idan ka danna ƙaramin k, ta ajiye 107. Akwai kuma wani ƙaramin fayil da ke gaya mata yadda za ta zana kowace lamba a fuskar allo, shi ne zubin haruffa, wanda masu buga takardu a Nijar ke kira polis. Tsarin lambobin da aka yi a Amurka a shekarun 1960 gurbi 128 kawai gare shi. Daga baya aka faɗaɗa zuwa 256 domin haruffan Yammacin Turai su samu shiga. Faransanci ya samu wurin é da ç ɗinsa. Ba a bar wa ƙ ko ɗ gurbi ko ɗaya ba.

Da kwamfutoci suka fara shiga ofisoshi a shekarun 1990, masu aikin harsunan ƙasa ba su zauna jiran kowa ba. Suka ɗauki zubin haruffa, suka nemi alamomin da ba a cika amfani da su ba, suka goge zanensu, suka zana haruffanmu a gurbinsu. A ce an ɗauke alamar kuɗin Ingila an sa ƙ a wurinta. Mai bugawa ya danna, ƙ ta fito a allo, ta fito a takarda, littafi ya tafi maɗaba'a. Amma a cikin cikinta kwamfuta alamar kuɗin Ingila ta ajiye. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a wata na'urar da ba ta da wannan zubi, sai kalmar ƙasa ta fito da alamar kuɗi a gabanta, ko wani ɗan akwati fanko.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne kowane ofishi da nasa zubin. A Nijar an yi amfani da iri-iri, har da wanda ake kira Indrap98, kuma ba lallai gurbin da wannan ya ba ƙ ya zama shi wancan ya ba ta ba. Fayil ɗin da aka rubuta a Yamai zai iya isa Maradi a birkice. Ba a iya neman kalma a cikinsa yadda ya kamata, ba a iya jera kalmomi bisa tsarin abacada, ba a iya liƙa rubutun a wasiƙar intanet. Duk da haka kada mu raina mutanen da suka yi wannan dabara. Ba don su ba, da an yi shekaru ba a buga littafin Hausa mai cikakkun haruffa da kwamfuta ba.

Maganin ya riga ya fito tun 1991, lokacin da aka fitar da tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. A cikinsa ƙ tana da 409, ƴ tana da 436, ɓ tana da 595, ɗ tana da 599, ko a wace na'ura, ko a wace ƙasa. Sai dai fitowar tsari daban, isowarsa teburin sakatare daban. An daɗe ba a samu zubin haruffa na yau da kullum mai ɗauke da waɗannan lambobi ba, an daɗe babu hanya mai sauƙi ta danno su. Manhajar PageMaker, wadda masu tsara shafukan littafi suka dogara da ita shekaru da yawa, har aka daina yin ta ba ta san Unicode ba. Saboda haka tsohuwar dabara ta ci gaba da aiki har cikin shekarun 2000.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka yi aikin littattafan harsunan ƙasa mai yawa a Nijar. Maɗaba'ar Albasa, da tallafin Jamus, ta fitar da littattafan karatu cikin harsunan gida. Shirin tallafa wa ilimin tushe mai suna Soutéba ya fitar da ƙamus na makarantun firamare cikin Barbarci da Zabarmanci da Tamajak, sannan na Hausa da Faransanci a 2008, mai kalmomi fiye da dubu bakwai. Da aka zo sa waɗannan ƙamus a intanet a farkon shekarun 2010, ƙarƙashin shirin DiLAF da ya haɗa masana na Nijar da Mali da Burkina Faso da Faransa, cikinsu har da Chantal Enguehard ta jami'ar Nantes, aikin farko da ya tare su shi ne mayar da haruffan fayilolin zuwa Unicode. An yi nasara saboda fayilolin suna nan, kuma akwai mutanen da suka san wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi.

Ranar da mai kaya ya janye hannu

Kamfanin manhaja kasuwa yake bi. PageMaker ta fito a 1985, kamfanin Adobe ya saye ta a 1994, ya fitar da zubinta na ƙarshe a 2001, ya daina ci gaba da ita a 2004. Windows XP, wadda ta fito a 2001 kuma ta daɗe a ofisoshinmu fiye da kowace, Microsoft ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilun 2014. Windows 7 ta bi sahu a Janairun 2020. A Janairun 2023 Adobe ya daina karɓar wani tsohon nau'in zubin haruffa da ake kira Type 1 a sababbin manhajojinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke da tunanin littafin ɗan aji ɗaya na Dakoro. Amma kowace ta ƙara nisa tsakanin sabuwar kwamfuta da tsohon fayil.

Wannan bai tsaya ga ƙasashe matalauta ba. A 1986 gidan BBC ya shirya wani gagarumin aiki domin cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday, kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila na 1086. Yara ƴan makaranta daga dubban makarantu suka rubuta labarin garuruwansu, aka haɗa da hotuna da taswira, aka zuba a faifai na musamman da sai wata na'ura ta musamman ke karantawa. Kafin shekara ashirin na'urorin sun kusa ƙarewa. Kundin 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan ana karanta shi, na 1986 kuwa ya kusa zama kurma. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙera manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar, aka sake ganin aikin yaran. Abin da ya taimake su shi ne an samu sauran faifai da sauran na'ura mai aiki da za a gwada da ita.

Daga irin wannan darasi ne UNESCO ta fitar da yarjejeniyar adana kayan tarihi na kwamfuta a 2003. Ƙungiyar SIL, wadda ta daɗe tana aikin harsuna a Afirka har da Nijar, ta bi hanya mai kyau. Ta koma Unicode, ta fitar da sababbin zubin haruffa kyauta irin su Charis da Doulos, da Andika wanda aka zana musamman domin masu koyon karatu. Amma ba ta share tsofaffin ba. Ta bar su inda mai tsohon fayil zai same su, tare da gargaɗin cewa ba a kula da su kuma, kada a fara sabon aiki da su, ta kuma samar da manhajojin juya tsohon rubutu zuwa sabon tsari. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma ba wanda ya ce a mayar da ita abincin kullum.

Haɗarin zama a tsohon ɗaki

Dole a faɗi ɗaya gefen. Manhajar da aka daina kula da ita kamar ɗaki ne da aka daina yi wa yaɓe: duk ɓarakar da ta buɗe, a buɗe za ta zauna. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a Windows ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe fiye da ɗari, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Abin ya kai Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa har ga XP da ya riga ya sallama. A wajenmu ma kowa ya san yadda ɗan filash ke ɗauko cuta daga shagon buga takardu ya kai ta ofishin makaranta.

Akwai kuma haɗarin sabo. Sakataren da hannunsa ya saba da tsohon zubi zai so ya ci gaba da buga sababbin darussa da shi, yana ƙara tara fayilolin da za su kulle gobe. Sabo turken wawa. Tsohuwar manhaja amfaninta ɗaya ne: a buɗe abin da aka riga aka rubuta da ita, a kwashe shi. Bayan wannan sai a ajiye ta domin ranar da wani tsohon faifai zai ɓullo daga ƙasan akwati.

Hanya mafi muni ita ce wadda aka fi bi cikin gaggawa. Fayil ya buɗe a birkice, mai bugawa ya bi yana maye gurbin kowace baƙuwar alama da k ko d ko b, ya huta. Babba zai gane daga ma'anar jimla. Yaro ɗan shekara bakwai da ke haɗa baƙi da wasali ba zai gane ba. A wurinsa ƙafa da kafa, ɗa da da, baƙi da baki, ƙara da kara, duk sun zama abu guda, alhali kunnensa ya san ba ɗaya ba ne. Mun koya masa cewa rubutu ba ya bin magana, tun ranar da ya kamata ya gano cewa yana bin ta.

Abin da ya rage gare mu

Ga shugabannin makarantu da ofisoshin sufetoci da cibiyoyin yaƙi da jahilci, a Dakoro da sauran gundumomin Maradi: duk inda tsohuwar kwamfuta take jingine a lungu, kada a ba masu gwangwan ita sai an duba cikinta. Ko allonta ya mutu, rumbun ajiyarta na iya kasancewa da rai, kuma mai gyara zai iya ciro shi. A kwafe fayilolin, a kwafe zubin haruffan da ke cikinta tare da su, domin fayil ba tare da zubinsa ba rabin kaya ne. Haka faifan CD da disket da ke cikin kabad. Zafi da ƙurar hunturu ba su barin irin waɗannan kaya su daɗe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan akwai na'ura ɗaya mai aiki da ke ɗauke da tsofaffin manhajojin, a keɓe ta, a raba ta da intanet, a hana sa mata kowane filash da bai da tabbas. A buɗe kowane littafi a cikinta, a fitar da shi a PDF yadda shafinsa yake, a buga kwafi ɗaya a takarda. Sannan a juya rubutun zuwa Unicode, harafi da harafi, malamin da ya san harshen ya bi ya duba. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe tsofaffin fayiloli iri-iri, har da wasu na PageMaker. A ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, a rubuta a takarda wane zubi aka yi amfani da shi da kuma alamar da ke madadin kowane harafi. A nemi tsofaffin sakatarori da malaman makarantun gwaji da suka yi ritaya tun suna kusa, domin wannan sani a kansu yake.

Ga iyaye kuma, musamman iyaye mata da suka yi ajin yaƙi da jahilci: ɗan littafin nan da ya yi ja a cikin adaka yana iya zama kwafin da ya rage a garinku. A kai wa malami ya ɗauki hoton shafukansa da waya. Idan yaro ya fara rubutu a waya, a sa masa allon rubutu na Hausa, a nuna masa inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suke. Abin da kakanninsa suka yi da biro a kan takardar tafireta, shi da yatsa ɗaya zai yi shi.

Masu tsara manufofin ilimi za su ci gaba da zamansu a Yamai, kuma sababbin littattafai za su zo a lokacinsu. Kafin nan, aikin shekara hamsin yana warwatse a kabad da akwatuna da rumbunan tsofaffin na'urori. Wanda ya kwashe littafi ɗaya daga ciki ya miƙa wa malamin aji ɗaya, ya rage wa yaran garinsu jira.